Abin Da Ya Dawo Mini Daga Gidanku

Ya hasken idona, ruwan randata na tsakiyar rani, inuwar giginyata da na nesa ke sha!

Da hannun hagu nake rubuto miki, na dama yana cikin bandeji, albarkacin gidanku.

Shekara biyu ke nan ina aike. Wasiƙa goma sha ɗaya, turare, gaisuwa ta bakin gwaggonki. Ko "na gani" ban samu ba! Na ba zuciyata haƙuri, don ni ma'aikacin lantarki ne, kuma haka aka koya mana: wuta daga tasha take zuwa gidaje, ba ta juyowa.

Ashe zamani ya bar ni a baya. Kin tuna ranar Talata da hantsi, da na hau falwayar ƙofar gidanku? Kina shanya a saman bene, iska na wasa da mayafinki. Da hannuna na kashe layin daga taransifoma, don haka ban ko ciro abin gwaji daga aljihu ba. Wa zai kalli waya alhali ga ki? Na manta da farantan solar da babanki ya jera a rufi, masu tura rarar wutarsu ta bi layi zuwa maƙwabta. Yayanki kuwa, injiniyan dole, bai sa musu na'urar da ke tsayar da su idan an kashe layi ba. Na kama waya, waya ta kama ni!

Ina reto a jikin bel ɗin da na ɗaure kaina da shi a falwaya, kamar tsumma, na ji kin yi salati, kin ƙwala kiran sunana. Ashe kin san shi! Wallahi daɗin da na ji ya fi zafin.

Oganmu na wurin aiki ya ce da rana tsaka rufinku gida bakwai yake ba wuta. Gida bakwai, gimbiya! Ni da na fi kowa naci, rabona ke nan?

Ranar Asabar zan zo in sa wannan na'ura, daga nan za a mayar da ni wani yanki mai nisa, ba ni da sauran dalilin tsayuwa a ƙofarku. Ki dubi Allah ki aiko da kalma ɗaya kafin in sauko daga tsani. Ina tsoron tafiya haka. Abu ɗaya tak ya taɓa fitowa daga gidanku ya iso hannuna, wato wutar nan, shi ne kuma aka aiko ni in tare.

Naki har hannun hagun ma ya ƙone,
Mai gyaran wutar layinku.