Kujeru Uku a Laburare

Yaya,

Ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar Mama? Ki gaida Baba, ki ce masa ina ci ina ƙoshi. Barci ne kawai ya ɗan yi wuya.

Akwai wani a ajinmu, Dogo muke ce masa. Wata guda ke nan kullum ina kama masa kujera kusa da ni a laburare. "Na gode" kawai yake cewa, amma sai in wuni tana yi min yawo a kai.

Jiya ya ce, "Don Allah ki riƙa kamawa har da ta ƙawarki." Ita ce muke ɗaki ɗaya, ita ta yi jinyata da na yi zazzaɓi (kada Mama ta ji). Ba ni da kowa a nan sai ita. Da na gaya mata, ta rufe fuska tana dariya, na taya ta, ban san dalili ba.

Yau na yi sammako na kama uku a jere, na tsaya da jaka a hannu. Yaya, a tsakiya zan zauna ko a gefe?

Ƙanwarki