Yunwar Aljanin Tani

Isa.

Daga nan garin Isa, zuwa ga Yaya Bawa, garin Kurawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da su Saude da yara, da fatan Allah ya kawo mana ƙarshen wanga fari.

An koma makaranta, benci yana nan babu Tani. Ka ce hutu kawai ɗiyar marigayi ƙanenmu za ta yi wurinka. Yarinyar tana da kai, Yaya, ta fi kowa lissafi a ajina. Wani ɗan tireda ya ce mani ba a ganinta bakin rijiya. Lafiya dai?

Ƙanwarka, Safiyatu.

Kurawa.

Safiyatu, wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Tani aljani ya kama ta. Ƙasar gindin rumbu take ci, tana surutai, tana faɗuwa. Malam Yari mai magani shina aiki a kanta. Ya ce kada a ba ta komi sai ruwan rubutu, aljanin ya ji yunwa ya fita. Kada ki zo, ya hana baƙi. Wanga ba aikin boko ba ne.

Yayanki, Bawa.

Isa.

Yaya, bayan gaisuwa.

Ban musanta akwai aljanu ba, Alƙur'ani ya ambace su. Amma ruƙiyyar da muka koya addu'a ce, ban ji inda aka haɗa ta da hana abinci ba. Rabin yaran ajina sun ci ƙasa bana, kunu nike dama masu su daina. Wa ya fara cewa aljani ne, kai ko Malam Yari? Kuma kafin gero ya ƙare ne, ko bayansa?

Ka gafarce ni in na zaƙe. Safiyatu.

Kurawa.

Malama, ni ce Saude, da ajamina. Yayanki bai san da wagga takarda ba.

Tani tana ɗakin awaki, ɗaure a turke. Ana yi mata hayaƙin barkono. In ta ce yunwa take ji, Malam ya ce aljanin ne ka magana, a ƙara mata tsumagiya. Rabonta na anza, 'ya'yan itacen da muke jiƙawa mu ci tun da gero ya ƙare, Malam ka cinye shi.

Jiya na kama Amiru ɗana shina cin ƙasa gindin rumbu, inda Tani ta ci. Ubansa ya ce yunwa ce, ya sayar da akuya ya sawo mashi gero. Na ce to Tani fa? Ya ce in kama bakina. Na bar tuwon ban ci ba.

Ki ƙone takardar. A gaida yaran makaranta.

Isa.

Yaya, ina gaisuwa da girmamawa.

Akwai liman a nan mai ruƙiyya, kuma hatsina zai ishe mu mu biyu. Ka aiko mani Tani yadda take, da aljanin da komi, ni za ni ɗauki nauyinsu. Ba za ni tambayi kowa komi ba. In motar kasuwar Sabon Birni ta iso babu ita, za ni wurin Hakimi, in taho da dogarinsa.

Allah ya bar zumunci. Safiyatu.

Kurawa.

Safiyatu, salam.

Malam ya duba, ya ce aljanin ya fita da safen nan. Ga ta nan a mota, ki tarbe ta, ba ta iya tsayuwa sosai. Hannunta na hagu ba ya ɗaguwa. Faɗuwa ta yi.

Kin yi alkawari ba ki tambaya.

Bawa.