Jakar Tafiyar Baba Tana Bayan Ƙofa

Zuwa ga Goggona abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baffa da dukan mutanen gida. Yaya ciwon gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki yawan rai, ya bar mana ke. Mu ma nan sai godiyar Allah. Mama tana nan tana fama da keken ɗinkinta. Auta haƙoransa na gaba sun zube, idan ya buɗe baki zai yi tsiwa sai dariya ta kama kowa, shi kuma ya ƙara fushi. Ni na gama firamare, ina gida ina taya Mama sa maɓalli da yanke zare kafin a ga yadda za a yi da maganar sakandare.

Kin san halina, idan aka miƙo mini waya bakina mutuwa yake yi, daga lafiya lau ba na iya ƙara komai. Kuma wayar ta Baba ce, kullum tana aljihunsa. Shi ya sa na zauna na rubuto. Maƙwabciyarmu mai sayar da yadi za ta zo garinku sarin kaya, ta yi mini alkawari za ta damƙa miki hannu da hannu. Mama ta san na rubuto, ita ce ma ta ba ni takardar, amma ta ce ita kam ba za ta iya kai ƙarar mijinta wurin yayarsa ba. Ni ma ba ƙara na kawo ba, Goggo. Taimako muke nema.

Maganar Baba ce. Duk sanda kuka yi waya yakan ce miki hutu yake yi, motar tana wurin gyara. Motar lafiyarta ƙalau, wani ne yake jan ta yanzu. Baba ne ba shi da lafiya. Likita ya ce farfaɗiya ce.

Abin ya fara ne bara, a garejin kamfani, suna kan layin lodi. Ya sauko daga tirela yana zagaya tayoyi yana bubbuga su da ɗan ƙarfen nan nasa, kawai sai ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa. Abokansa direbobi suka ruga suka kewaye shi, suka ja tamfol suka kare shi don kada 'yan ofis su hango ta taga. Dogo ne ya kawo shi gida. Kin tuna Dogo, amininsa nan da ya buga goshi da ƙofar ɗakinmu lokacin da kika zo, har kika ce a sare masa ƙafa ko a ɗaga ginin. Shi ya koma ofis ya ce zazzaɓi ne ya kayar da Baba. Mama ta matsa har suka je wani asibiti mai nisa da unguwarmu, aka yi gwaje-gwaje, aka ba shi wata 'yar farar ƙwaya ya riƙa sha safe da yamma. Likitan can ya ce kada ya ƙara hawa babbar mota, kuma ya je ya gaya wa kamfani gaskiya. Baba ya ce to. Kin san irin to ɗin ƙanenki. Yana jin ƙarfin jikinsa ya koma hanya, bai gaya wa kowa ba.

Ni aka ɗora wa aikin maganin. Idan yana gida ina ajiye masa ƙwayar a gefen kofin shayi, idan zai yi tafiya in zuba masa a ɗan gwangwani in sa a jaka. Har ya sa mini suna Likitar Gida. Da yake yana sha, ciwon bai dawo ba, muka ɗan saki jiki. Mama ce dai ba ta saki ba. Duk ranar da ya tafi sai ta farke ɗinkin da ta yi, ko ta sa hannun riga a baibai.

Sai lokacin gwajin lafiya ya zo, wanda kamfani ke yi wa direbobinsa duk shekara. Nan ne aka yi kuskuren. Direbobi suka zauna a bencin mai shayi suka yi shawara a kan Baba. Dogo ya ce ai jini ake ɗiba, kuma na'urar likita tana ganin duk abin da mutum ya haɗiya, ko maganin ciwon kai ne. Idan ta ga ƙwayar nan shi ke nan, asiri ya tonu. Wani ya ce to ai gyaran mai sauƙi ne, a yi wa jinin yadda ake yi wa inji, a juye baƙin mai a zuba sabo. Wato Baba ya bar maganin na ɗan lokaci, ya yi ta shan ruwa har jinin ya wanke, idan likita ya sa hannu sai ya koma kan abinsa. Wallahi Goggo babu wanda ya nufe shi da sharri a cikinsu. Su dai inji suka sani, sai suka ɗauka jikin mutum ma haka yake.

Baba ya bi shawararsu bai gaya mana ba. Ina ajiye ƙwayar, ya ɗauka ya ce Allah ya yi wa Likitar Gida albarka, ashe aljihu take shiga. Har tafiya ya yi da lodin siminti a cikin wannan hali. Mama ce ta gano wurin wanki, ta ga farin abu ya narke a aljihun rigarsa. Ta yi masa magana cikin kuka, ya ce ta yi haƙuri, ai saura gobe kawai.

Washegari ya sa rigarsa mai guga ya tafi asibitin kamfani. An riga an ɗebi jinin, yana zaune a benci cikin abokansa da auduga a hannu, yana yi musu barkwanci wai jininsa ya fi ruwan famfo tsabta, sai abin ya kama shi a wurin, a gaban kowa. Wannan karon babu tamfol. An ce Dogo ya zaro makullin mota zai cusa masa a baki don kada ya ciji harshe, nas ɗin ta daka masa tsawa ta ture shi. Ta juya Baba a kan gefensa, ta sa masa mayafinta a ƙarƙashin kai, ta ce a ba shi iska. Da muka iso ni da Mama, nas ɗin ta koya mana haka, ta ce ba a sa komai a baki, ba a danne mutum, kuma ba a ɗaukar ciwon ta yawu kamar yadda mutane suke faɗa. Na ji daɗin wannan maganar, don akwai maƙwabtan da yanzu ba sa shan ruwa a kofinmu.

Likitar wata dattijuwa ce mai tabarau, ba ta yi faɗa ba. Da ta ji labarin wanke jini sai ta cire tabaran ta daɗe tana murza ido. Ta ce jinin da suka ɗiba na duba suga ne da makamantansa, babu wanda ya je neman ƙwayarsa a ciki. Goggo, da kin ga Dogo a lokacin. Mutum har kusan rufin ɗaki, ya tuɓe hula ya jingina da bango yana hawaye kamar Auta. Likitar ta ce barin maganin farat ɗaya shi ya jawo faɗuwar, kuma Allah ne ya tsare bai same shi a hanya da siminti a bayansa ba. Sannan ta gaya wa Baba dokar. Mai wannan ciwo ba ya jan babbar mota sai ya daɗe bai faɗi ba, yana shan magani a kan ƙa'ida, kuma likitan da ke duba shi ya yarda. Baba ya tambaya wata nawa. Ta ce ba maganar watanni ba ce, maganar shekaru ce, kuma ko bayan nan ba za ta yi masa alkawari ba. Ta ce ba horo ake yi masa ba, faɗuwar minti ɗaya ce ko biyu, amma ya tuna inda tirela mai lodi take kaiwa a minti ɗaya. Baba ya sunkuyar da kai ya ce wannan ya fi ta sani.

Tun daga ranar yana gida. Da safe ya fitar da kujera ƙofar gida ya zauna yana fuskantar babban titi. Ba ya ganin motocin daga nan, amma yana jin su. Sai ki ji ya ce wannan ta wane ce, ya yi saurin canja giya, ko ya ce waccan birkinta yana neman gyara. Idan gyangyaɗi ya ɗauke shi ƙafarsa tana ta danna ƙasa kamar yana taka birki. Ni tausayi yake ba ni, Goggo. Mutumin da abokansa suke kira Sannu-Sannu saboda tun kafin a haife ni yake tuƙi ko akuya bai taɓa bugewa ba, yau shi ne aka ce hatsari ne a kan titi. Yana shan maganinsa yanzu, a gabana yake haɗiyewa, amma ya daina wasan Likitar Gida.

Kamfanin ba su kore shi ba. Sun ce ya dawo gareji ya riƙa tsara layin lodi, ya duba taya da birki kafin mota ta fita, ya kuma koya wa sababbin direbobi yadda ake ribas da tirela, don an ce babu wanda ya kai shi a nan. Baba ya ce shi da girmansa ba zai tsaya a rana da usur a baki yana kaɗa wa yaran da ya koya wa riƙe sitiyari hannu ba. Dogo yana zuwa kullum yana lallashinsa, ya ce ko don a huta da sababbin nan da ke rushe katangar gareji da gindin mota. Baba ya ce shawarar Dogo ɗaya ya taɓa bi, kuma ya ga inda ta kai shi.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Akwai wani mutum mai jar tirela guda ɗaya, tasa ce ta kansa, direbansa ya gudu. Ya zo har gida ya ce shi ba ruwansa da takardar likita, shi dai Sannu-Sannu yake so. Baba ya amsa masa. Mama ta roƙe shi har ta gaji, ya ce ai da can ma da yake shan magani bai faɗi ba, kuma zaman nan shi ne zai kashe shi, ba ciwon ba.

Ran da za su tashi ya ce in haɗa masa jakar tafiya. Na sa tawul da tocila da abin salla da gwangwanin magani. Da na gama sai na kasa miƙa masa. Na sa takalmina, na yafa mayafi, na rungumi jakar na fito tsakar gida na tsaya. Ya tambaye ni ina zuwa. Na ce zan bi shi ne, in zauna a gefensa in riƙa ba shi magani, tunda ba ni da makaranta yanzu. Ya yi dariya ya ce yau Shiru-Shiru ta yi baki, ya ce hanya ba wurin yara mata ba ce. Na ce ai Dogo ya taɓa kai 'yarsa wurin kakarta a tirela. Sai ransa ya ɓaci, ya ɗaga murya ya ce shi ba zai sa 'yarsa a motar nan ba, idan abin ya kama shi a kan gangara fa. Daga nan bai ƙarasa ba. Ya tsaya da baki a buɗe. Keken Mama ma ya yi shiru a ɗaki.

Ni ba dabara na shirya ba, Goggo, da gaske tafiyar nake so in yi, don na fi tsoron zama a gida ina jira. Amma shi ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya zauna a bakin baranda. Can ya ce a hankali, ba da ni yake ba, wai waɗanda ke tsallaka titi ma ai 'ya'yan wasu ne. Mai jar tirela yana ta danna hon a waje. Baba ya tashi ya fita ya ce masa ba yau ba.

Ba yau ba ya ce, bai ce a'a ba. Mutumin ya ce zai dawo mako mai zuwa, lodi yana nan yana jira. Da na zo zan kwance jakar Baba ya ce in bar ta. Tana nan a bayan ƙofa a ɗaure, kowa ya shiga ɗakin sai ya gan ta, kowa kuma ya yi kamar bai gani ba.

Goggo, ke kika goye shi, kuma ke kaɗai ce idan kina magana yake cire hula ko a waya ne. Don Allah ki kira shi kafin mutumin nan ya dawo. Kada ki yi masa faɗa, ya sha kunya ta ishe shi. Kada kuma ki cika yi masa sannu, ya ce sannun mutane ta fi ciwon nauyi. Ki nuna masa kin sani kuma bai ragu a idonki ba. Ki yi masa maganar aikin garejin, ki ce ke ce kike so ya karɓa. Ina ganin zuciyarsa ta riga ta yarda, wanda zai ba shi umarni kawai yake nema, don ya samu abin gaya wa abokansa, ya ce yayarsa ce ta hana shi. Idan ya tambayi wanda ya gaya miki, ki ce ni ce. Ya yi fushi da ni yana gida ya fi mini.

Ki gaishe mini da Baffa da kyau, da Yaya Babba da matarsa da jaririnsu da ba mu gani ba tukuna, da Ƙaramar Goggo, da Inna ta ɗakin baya, Allah ya ƙara mata lafiya. Mama tana gaishe ki ƙwarai, ta ce ki sa mu a addu'a. Auta ya ce a gaya miki haƙoran suna hanya.

Ni dai ba zan taɓa jakar nan ba. Ina jira ya kira ni da bakinsa ya ce in kwance ta.

Wassalam. Taki har kullum,

'Yarki, Shiru-Shiru