Zanen Wuyan Rigar Hajiya Balkissa

Yantala, Yamai
Jumma'a bayan la'asar

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan ciwon bayanka ya yi sauƙi, kuma kasuwa ta yi albarka. Na san za ka yi dariya, wai wasiƙa daga ɗaki zuwa tsakar gida. To bakina ne ba ya iya ɗaukar maganar, da ka dube ni sai ta gudu.

Baba, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wata takwas ke nan ina tuƙa kumbon sararin sama a cikin ordinatar shagonka, wato kwamfutar nan.

Ran Lahadi, in ka bar ni a Babbar Kasuwa in jera maka zane-zanen da keken aikin wuya ke ɗinkawa, cikin rabin awa nake gamawa. Sauran lokacin wani wasa nake yi, wanda Nassirou na Kawu ya sa mini kafin ya koma Damagaram. Mutum yana haɗa kumbonsa da kansa, ya auna nauyi, ya auna mai, ya harba shi sama. Sau goma sha bakwai nawa yana tarwatsewa. Wani ma ya kai kusa da duniyar wata, mai ya ƙare, ƴan matuƙana suna can suna yawo har yau. Wallahi kwana biyu ina jin tausayinsu.

Inna tana cewa littattafan soyayya za su cinye mini ido. Ina karanta su, ban musa ba, har kuka nake in an rabu. Amma ka buɗe bangon baya na kowanne, lissafin mai ne cike da fensir.

Duk abin da ya ba ni sha'awa a wasan sai in ɗauki hotonsa, in tura ta wayar Yaya Aminatu zuwa wani rukuni na masu irin wasan. Akwai ƴan Dakar, akwai ƴan Kwatano. Ba su san ni yarinya ce ƴar shekara sha biyar ba. Ranar da na sauka a wata lafiya, wani cikinsu ya tambaya ko ni injiniya ce. Na rufe fuska da mayafi ni kaɗai a shago.

Ga wautar da na yi: ashe duk hotunan nan cikin ma'ajiyar zane-zanenka nake zuba su, wadda kake buɗe wa masu ɗinki su zaɓa.

Ban gane ba sai ran sunan jikar Hajiya Balkissa, maƙwabciyarmu ta da a Lazaret. Ta shigo da shadda baƙa, ana ta yaba aikin wuyanta. Na matsa kusa na duba. Shuɗin zare ya taso daga wata babbar da'ira, ya lanƙwasa, ya zagaye ƙaramar da'ira fara sau biyu. Baba, hanyar kumbona ce daga duniya zuwa wata! Har ɗan gyaran da na yi a tsakiya bai ɓace ba. Tana ta gaya wa mata wai sabon yayi ne, ita ta fara ganinsa a ordinatarka, ta ce shi take so ko ta fasa ɗinkin. Na san keke ba ya ɗinka hoto haka kawai. Sai da ka zauna ka sake zana shi da hannunka, layi bayan layi.

Kwana uku ina jiran faɗa. Ka dawo gida, ka ci tuwo, ka tambaye ni karatun lekol, shi ke nan. Da Lahadi ta zo na buɗe ordinatar, niyyata in goge kome. Sai na tarar an kwashe hotunan duka an sa su wuri guda, an rubuta a kai: NA HUDA, KAR A TAƁA.

Na gode, Baba. Ban san yadda ake rubuta godiyar da ta kai wannan ba. Allah ya saka maka, ya ƙara wa idanunka haske.

Yanzu ga roƙona. Takardar zaɓen seri, wato fannin karatun da zan bi, tana cikin jakata, ran Litinin za a karɓa. Inna ta sa na rubuta A da fensir, ta ce mai son karatun labari can ta dace. C nake so, Baba, ta lissafi da kimiyya. Na san lissafinta da wuya, kuma ban fi kowa ba a aji. Amma sau goma sha bakwai na faɗi ban daina ba. In ka yarda, ka sa hannu, ka kuma taya ni yi wa Inna magana.

Da na yi niyyar in sa wasiƙar nan ƙarƙashin almakashinka in gudu. Na fasa. Ga ƙarar babur ɗinka nan a ƙofa. Zan kawo maka ruwa, in miƙa maka ita hannu da hannu, in tsaya har ka gama karantawa. In ka ga ina kallon ƙasa, kar ka ce in tafi.

Ka huta lafiya.

Ƴarka mai ƙaunarka,
Huda