Tsagar Da Ta Nufi Gabas

Zuwa ga Yaya Safiyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Yaya haƙuri da wannan fari?

Mun gama awon burtsatsen garinmu da ta ƙi ba da ruwa. Ruwan yana nan cikin dutse, sai an ɗura masa wani ruwan da ƙarfin inji ya tsage tukuna. Dutse kuwa ba ya tsagewa yadda ya ga dama, yana bin inda nauyin ƙasa ya fi matse shi. Na auna, na sake aunawa. Gabas tsagar za ta nufa, ƙarƙashin rijiyar Inna Tabita. Idan ta kai can, ruwansu zai tsiyaye ya dawo namu.

Shugaban aikinmu ya ce ni ɗan gari ne, in yanke shawara. Yaya, matar nan ce ta shayar da ni bayan rasuwar Innarmu, kuma rijiyarta kuke sha tun da taku ta ƙafe. Ki je ki faɗa mata. In ta ce a'a, na fasa.

Ki huta lafiya. Ƙaninki,
Uwaisu

Uwaisu,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau muke, in ka cire ƙishirwa.

Na je. Na tarar da ita bakin rijiya tana cewa masu goyo su fara ja. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta tambaya ko Kano ta sa ka yi ƙiba. Ban faɗa mata ba, na sha ruwanta na taso.

Amma ka ji gaskiya, rijiyar nan ba za ta kai mu damina ba. Luba tawa tana kwance, ruwan kududdufi ya ɓata mata ciki. Ka zo ka yi aikinka, alhakin yana wuyana.

Yayarka,
Safiyatu

Uwaisu,

Sallama da gaisuwa. Ka tafi ko sallama babu, kamar wanda ya yi sata.

Famfo yana ta ambaliya, Luba ta miƙe. Rijiyar Inna Tabita kuwa ta ƙafe ƙaf, yadda ka ce. Jiya na gan ta da tulu a ƙarshen layi, bayan mutanen da ta shayar. Kunya ta hana ni ɗaga ido.

Ta ɗauka fari ne ya cinye rijiyar. Ta ce, "Da ba don ɗana Uwaisu ba, da yanzu ina za mu sa kanmu?" Har addu'a suka yi maka a cocinsu. Ga kwanon gyaɗa nan ta ba direba Muntaka ya kawo maka, daga cikin irin da ta ajiye na shuka.

Allah ya yafe mana.
Safiyatu

Yaya,

Assalamu alaikum. Gyaɗa ta iso. Na kasa ci, na kasa bayarwa.

Ina tafe ranar kasuwar Ɗanbatta, ki raka ni wurinta. Za ta kawo mana ruwa, kin san halinta. Kada mu kai shi baki sai mun faɗa mata daga inda ya fito.

Na bar ki lafiya.
Uwaisu