Wayar da Na Ɗaura a Motar Felix

Fagge, Kano
3 ga Maris

Zuwa ga matata Barakat, Iya Hikmat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin isa Ilori lafiya. Yaya jikin Mama? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai dai girkin 'yarmu Hikmat, da gishirin miya ɗaya zai isa gida uku.

Bari in ba ki dariya. Felix ɗinmu na Sabon Gari, mijin Comfort, ya kawo mini akori-kurarsa jiya. Kin sha jin ina cewa kafireto maƙogwaro biyu gare shi, kowanne da ɗan faifan ƙarfe da muke kira batafilai. Na farko ke aiki kullum. Na biyu ba ya buɗewa sai an taka totur da gaske, a hawa ko wajen wuce babbar mota. Tun da mai ya yi tsada na ɗaure masa na biyun da wayar ƙarfe, motar ta daina zuƙar mai, yana ta shi mini albarka.

To jiya wai in kwance wayar, zai kai dilolin atamfa Kaduna, motar ba ta ja. Shekara ashirin na san Felix: in na kwance, ranar Litinin zai dawo yana kukan mai, ya ce na ɓata masa inji. Sai na wanke kafireton, na ɗan murɗa sukurori, na bar wayata inda take. Na ba ta wuta a tsaye, ta yi ruri, na ce masa an gama. Ya tafi yana rantsuwa har ya ji bambanci! In ya dawo zan nuna masa, mu sha dariya.

A gaida Mama da su Waliu.

Naki har kullum,
Raji

Fagge, Kano
9 ga Maris

Iya Hikmat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, jikin Mama kuma da sauƙi.

Kin ji rasuwar Felix ta tarho, amma akwai abin da bakina ya kasa faɗa. Direban da ke bayansa ya zo gaisuwa. Ya ce a wani hawa bayan Zariya Felix ya fito zai wuce tirela. Ya kai tsakiyarta, motar ta ƙi ƙara gudu. Ba ta wuce ba, ba ta samu komawa ba, ga tanka ta taho. Mutumin ya ce ƙaddara ce, kowa ya ce ƙaddara ce. Ni ma da bakina na faɗa.

Barakat, mota mai kaya a hawa, wurin aikin maƙogwaro na biyu ke nan. Felix ya taka ne yana jiran ƙarfin da na ce masa na saka.

An janyo gawar motar garejina. Ni kaɗai na buɗe. Wayar na nan, murɗi uku, irin ɗaurina. Ba wanda ya gani, ba kuma wanda zai nema.

Abin da ya fi ci mini rai, Comfort ta ce in riƙe injin kyauta, wai Felix bai taɓa yarda wani hannu ya taɓa motarsa ba sai nawa. Ta ce in ci gaba da shigowa gidan kamar da, yara su riƙa ganin baffansu. Ni da nake sayar wa mutum tsohon fulogi ya tafi yana godiya, ranar godiya kawai na yi mata na fito.

Ki sa ni a addu'a. A gaida Mama.

Mijinki,
Raji

Fagge, Kano
20 ga Maris

Iya Hikmat,

Assalamu alaikum. Na ji Mama ta fara takawa, alhamdu lillahi.

Na gane shawararki, cewa gaya wa Comfort gaskiya ba zai dawo da Felix ba, sai dai ya raba gida biyu. Kwana goma ina ba kaina wannan hujjar, har na ƙara mata wasu da ba ki kawo ba. Kin san ba na rasa hujja.

Ranar Asabar na sauke injin. Na yanke wayar, na goge faifan, na sa wa sandarsa mai, na daidaita ɗan sifirin yadda zai buɗe a kan lokaci. Na taɓa da yatsa, ya buɗe sumul. Na duba agogo: minti shida. Abin da Felix ya roƙe ni ke nan.

Jiya Lahadi, bayan sun taso daga coci, na je gidan Comfort. Na ajiye wayar a kan teburinta, na faɗi komai, ban yi wa maganar ado ba. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana juya wayar a hannu, ta tambaya ko ya biya ni kuɗin aikin. Na ce ya saya mini tsire. Sai ta ƙulle wayar a bakin zanenta, ta buɗe mini ƙofa.

Yau da safe ta aiko da kulolinki biyu da muka kai mata abincin ta'aziyya a ciki, a wanke. In kin dawo kada ki je tukuna.

A gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Raji