Gurbi Na Tara

Da sunan Allah nake farawa. Da hannuna nake rubuta wannan, ina cikin hankalina, ba zafin ciwo ne ke magana ba. Likita ya faɗa mini abin da ya gani, na yi masa godiya na dawo gida. Zuwa gare ku ku biyu, Babba da Auta.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa, a raba yadda Allah Ya tsara, ba ni da ta cewa. Keken ɗinkina kaɗai nake so a ba ƙanwata, ita ta yi jinyata.

Na biyu. Tsohuwar kwamfutar babanku da ke ƙarƙashin tebur, kada a ba masu gwangwan. Babba, kai ka iya lallaɓa ta har ta tashi, ka riƙe ta, tare da faifai huɗun nan na wasan da yake yi. Kun tuna shi, makanikin kumbon da ya faɗo wata duniya inda duwatsu ke magana, ƙofofi kuma ba sa buɗuwa sai an jera musu alamomi daidai. Da fari ban so wasan ba saboda bokayen cikinsa. Ina zaune bayansa da ɗinkina, ina istigfari. Sai ga shi ni ce mai tuna masa jerin alamomin, don hadda ta saba mini da riƙe abu. Ya riƙa yi mini tsiya, wai Malama ta koma karatu wurin duwatsu.

Na uku. Littafi mai koren bango da na tara alamomin a ciki, na Auta ne. Da ajami na rubuta, ita ce ta tsaya ta koya.

Na huɗu, kuma dominsa na ɗauki biro. Wasan yana da gurabe tara na ajiye inda mutum ya tsaya. Babanku ba ya sa musu lamba, ɗan saƙo yake rubutawa a wurin suna. Babba, kana makaranta ya ce maka a waya ya bar maka magana a gurbi na tara. Ka iso bayan an binne shi, ka daɗe ba ka iya buɗewa ba. Ran da ka buɗe, ka tarar an ajiye wani abu a kai, saƙon ya tafi. Ka ce Auta ce, tunda ita ke yawan taɓa kwamfutar. Ta rantse har muryarta ta dushe. Ina tsaye bakin ƙofa, ban ce komai ba.

Ni ce na goge.

Wata safiya bayan rasuwarsa gidan ya yi mini faɗi, na kunna don in ji ɗan kiɗan nan da na saba ji in yana gida. Na taka da makanikin kaɗan. Shafin ɗauko ajiya da na ajiyewa kamarsu ɗaya, bokona kuma gajere ne. Na danna, shi ke nan. Saƙon kalmomi huɗu ne ko biyar. Na ga sunanka a farko, sauran ban kai ga karantawa ba. Na sha raya wa kaina in ƙago wata magana mai daɗi in ce ita ce, amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba.

Na ce wa kaina ka rasa uba, kada ka ƙara da jin haushin uwa. Hujja ce kawai, tsoron idonka na ji. Kowace shekara maganar tana ƙara nauyi a bakina, yau shekara goma sha ɗaya. Kuna gaisawa kamar maƙwabtan da ba su shaƙu ba, 'ya'yanka ba su san hanyar gidan gwaggonsu ba. Ni na jawo.

Na biyar. Babba, ka je gidanta da ƙafarka, ban da waya. Ka faɗa mata ka san ba ita ba ce, a gaban mijinta, saboda shi ma a karkace aka ba shi labarin. Fushin da ya rage, ka juyo da shi kaina, na cancanta. Gurbi na takwas yana nan, tafiyar yini guda ce tsakaninsa da inda babanku ya tsaya. In kun ga dama ku ƙarasa, ban wajabta muku ba.

Auta, kina da shekara goma sha huɗu kika juyo kika dube ni, kina jiran in tsaya miki, na sunkuyar da kai. Ba da matsayin uwa nake neman yafiyarki ba. Haƙƙinki ne, kina da ikon riƙe shi har gaban Allah, ba zan ga laifinki ba.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya zuriyarku, Ya ba ku 'ya'yan da za su ji ƙanku. Ku biyu kuka rage wa juna. Kada wanda ya karanta wannan takarda shi kaɗai. Wanda ya riga samunta ya ninke ta, ya tafi ya nemo ɗan'uwansa.

Mahaifiyarku.